Hannun da Ya Naɗe Laima

Jaji,
Yuli, 1986

Zuwa ga Kawu Riskuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Ina gajiya, ina damina? Ni dai lafiyata ƙalau, sai ciwon jiki na horo, wanda ka fi ni saninsa.

Kawu, ƙila sai na tuna maka ko ni wane ne. Ni ne Dikko, ɗan marigayi Labbo masunci na Argungu, ɗan Ma'u, wadda kakarta da kakarka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rabona da kai tun ranar sadakar bakwai ɗin babana, da ka zo cikin kaki ka ɗora mini hularka ta rufe mini ido. Ina jin tun ran nan soja ya shiga raina.

Bana aka zaɓe ni cikin waɗanda za a koya wa saukar laima daga jirgin sama. Mun fara horon ƙasa. Kullum muna dirowa daga kan dakali muna birgima a yashi, ko a rataye mu da igiya kamar nama a mahauta. Bayan Babbar Sallah za a fara sa mu a jirgi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da zan shiga soja Inna ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawari cewa duk abin da zan jefa raina a ciki da gangan, ba zan yi ba sai da yardarta. Ita a ganinta ta raba ni da gulbi ne ta miƙa ni tudu. To na aika mata saƙo ta bakin Arzika direba, mai lodin albasa zuwa Kaduna, amsar da ya kawo mini kalma ɗaya ce: a'a. In Sallah ta wuce ban sami yardarta ba, dole in je in ce a cire sunana, kuma wanda ya janye da kansa ba a sake kiransa. Kawu, ina son abin nan har cikin raina, amma ba zan taka maganar Inna ba. Kai ka yi aikin laima shekara da shekaru ka dawo gida da ranka. Don Allah ka je ka yi mata bayani.

Sai tambaya guda. Abokina Yari ya ce in riƙa sassauta maɗaurin cinya don yana yanka, kuma takalmin soja nauyi gare shi, gara na kambas. Me ka gani?

Ɗanka,
Dikko

*

Nassarawa, Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato

Ɗana Dikko,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a kan keken ɗinki, ina fama da tamfol ɗin wata mota da ɓeraye suka yi wa kaca-kaca. Sana'ata ke nan tun da na aje kaki. Mu duka lafiya lau. Tamba uwargidana tana gaishe ka. Gwiwata ta hagu ce dai take gaya mini hadari kafin rediyo ya faɗa. Ruwa ya zauna, mutanen Ambursa sun duƙufa kan shinkafa.

Wai ka tuna mini ko kai wane ne. Yaro mai kunnuwa kamar marfin tukunya, wa zai manta da shi? Na karanta takardar sau biyu, ta biyun sai da na goge tabarau.

Bari in fara da abokin nan naka Yari. Ka gaishe shi, ka ce in ji ni ya rufe bakinsa. Maɗaurin cinya ka ja shi har sai ka kasa miƙewa sosai. In ya yi sako-sako, sa'ad da laima ta buɗe ta fizge ka, za ka ji abin da ba zan iya rubutawa a takarda ba, kuma kai ko aure ba ka yi ba. Takalmi kuwa, ka sa mai dogon wuya wanda ya kama idon sawu, ka ɗaure shi har sama, ka cusa bakin igiyar ciki. Kada ka yi tsalle da sabo fil, kada ka yi da na aro. Hular kwano ka ja maɗaurinta a haɓa. Aljihu kuma ka zazzage shi, ko cokali kada ka bari, don abin da ba ya ciwo a ƙasa a sama makami ne.

In ka zo bakin ƙofar jirgi kada ka dubi ƙasa, ba ta zuwa ko'ina. Haɓa a ƙirji, hannu biyu a kan ƙaramar laimar ko-ta-kwana da ke ɗaure a kan cikinka, ƙafafu a haɗe. Ka fita da ƙarfi, ka yi ƙirgen da aka koya maka da babbar murya, sannan ka ɗaga kai ka dubi laimarka. In ta buɗe zagaye, ka gode wa Allah. In igiyoyi sun murɗe a bayan wuyanka, kada ka ruɗe: ka kama su ka buɗa, ka yi ta tuƙa keke da ƙafa har su warware. In kuwa abin da ka gani a sama bai yi kama da laima ba, kada ka tsaya shawara da kowa, ja ta ko-ta-kwana.

Abin da nake ji maka tsoro ɗaya ne. Ku 'ya'yan Argungu a kan gora kuka girma, rub da ciki, ƙafafu a ware kuna bugun ruwa. Jiki ba ya manta abin da ya koya yana ƙarami. Wannan gwiwar tawa, ƙafa na ware sau ɗaya tak, ga shi har yau ina biya. Ka haɗa ƙafafunka, Dikko.

Ni aikin da na fi daɗewa a kai shi ne naɗin laima. Da zan bar aiki oga ya ba ni wata tsohuwa da aka yi wa jan fenti, alamar ta gama aiki. Ita ce rumfata yanzu, a ƙarƙashinta nake rubuta maka wannan. Wa ke riƙe da ɗakin naɗi a wurinku?

Zancen Ma'u ka bar mini. Tun muna yara nake cin ta a gardama.

Kawunka,
Riskuwa

*

Jaji

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri, a gaida gwiwa. Na karanta wa Yari saƙonsa a gaban mutane, har yanzu ana yi masa dariya, amma na lura ya fara jan maɗaurinsa.

Zancen gora gaskiya ka faɗa. Mai horar da mu ya gaji da dukan ƙafafuna da sanda, har ya sa mini hula tsakanin gwiwoyi, wai in ta faɗi in zagaye fili.

Mai ɗakin naɗi Saje Cornelius ne, wani dogo marar magana. Da na ambaci sunanka sai ya aje abin da ke hannunsa ya ce kai ka koya masa aiki. Kawu, ka karanta wa Inna wannan don hankalinta ya kwanta: mu ba ma taɓa laima ko kaɗan. Ƙwararru ne suke naɗe ta a ɗakinsu, mu sai dai a miƙo mana a ƙulle mu goya. Ba ruwanmu da abin da ke ciki.

Ɗanka,
Dikko

*

Nassarawa, Birnin Kebbi

Dikko,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Ba zan ja gaisuwa ba, don na yi ɓarna, kuma da ni da kai muka yi ta.

Na je Argungu. Na tarar da Ma'u a tsakar gida tana juya kifi a kan banda. Ta yi mini tarba ta arziki, ta dama fura, muka taɓa tsiyarmu ta da. Na yi mata bayanin takalmi da hula da laimar ko-ta-kwana, tana saurare tana gyaɗa kai. Wallahi na ga alamar ta fara saukowa. Sai na ce bari in ƙarasa aiki, na zaro takardarka na karanta mata inda ka ce wasu ne suke naɗewa, ku sai dai ku goya.

Ta ce in sake karantawa. Na sake. Sai ta aje abin juya kifin ta ce, "Wato abin da za shi rataya ransa gare shi, wani na ka ƙulle shi, shi bai ko gani ba?"

Na ce ai nan ne kwanciyar hankalin, ƙwararru ne.

Ta ce, "Yaya Riskuwa, ka manta yadda Labbo yat tahi?"

Kai kana ƙarami, ka san dai ruwa ya ci babanka, ni kuwa na san sauran, kuma bai kamata in manta ba. Babanka da tarun jifa yake su, irin wanda ake ɗaura igiyarsa a wuyan hannu. Uwarka ce take bin tarun nan da yatsunta kafin ya fita, ita take yi masa ƙullin wuyan hannu, irin wanda ja ɗaya yake kwancewa. Ranar da abin ya faru ta tafi biki Augie, nasa ya yage, ya ari na wani. Tarun ya sarƙe da kututture a ƙasan ruwa, kwalekwale ya ja, ƙullin mai tarun kuwa ba irin nata ba ne, bai kwance ba.

Ka gani, maganar da mu sojoji muke kwantar wa juna hankali da ita, ita ce ta ɗaga nata. Ta ce in kana son yardarta ka kawo laimar gida ta bi ta da hannunta. Na ce kayan gwamnati ne, ba a fita da su ko ƙofar bariki. Ta ce to shi ke nan, an gama magana.

Haka na hau mota na dawo, furar ma ban shanye ba. Ta ce za ta sa a rubuta maka da bakinta.

Kawunka,
Riskuwa

*

Argungu

Ɗana Dikko,

Ni ce uwarka. Malam Maliki na bakin gidan waya shi ka rubutawa, na ce mishi shi sa yadda nic ce, kar shi gyara.

Ina gaishe ka. Kana cin abinci? Mu nan lahiya lau, gulbi ya cika, kihi ya yi wuya.

Kawunka ya zo. Mutumin kirki na, amma bai san abin da ni sani ba. Ni ba tsoron sama nika yi ba, Dikko. Rai na Allah na, ko bisa tabarma ana mutuwa. Abin da ba ni iyawa shi na in ce ma tahi, alhali hannuna bai taɓa abin da za ka riƙa ba, ban kuma san hannun da yat taɓa shi ba. Sau guda anka yi min haka, ina can ina cin tuwon biki.

Na san kana son aikin ga. Tun kana ƙarami in ka hau rimi sai an yi da gaske ka sauko. Ba ƙinka nika yi da alheri ba. In nic ce ma na yarda yanzu, ƙarya ni yi, kai ko ba ka son yardar ƙarya.

Kar ka yi hushi da ni. In ka yi, ka ci abinci dai.

Uwarka,
Ma'u

*

Jaji,
Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Takardarka da ta Inna rana ɗaya suka zo. Na karanta taka na ji kunya, na karanta tata na shiga bayan ɗaki na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

Ban san zancen ƙullin nan ba. Da na sani da ban rubuta abin da na rubuta ba. Yanzu na fahimce ta, kuma fahimtar ce ta fi ciwo, don da tsoro ne kawai da sai mu yi ta lallashi. Abin da ta nema ba shi da hanya. Ba za a ba ni laima in kai Argungu ba, ita kuma ba za a bar ta ta shiga ɗakin naɗi ba.

Kada ka ƙara wahalar da gwiwarka a mota saboda ni. Zan ci gaba da horo har Sallah don kada a ce ragwanci ne. In ta wuce ban ji komai ba, zan je in ce a cire sunana. Ko a jiya hular ba ta faɗi daga gwiwoyina ba, mai horarwa har ya ce na fara zama mutum. Ka ce wa Inna ina cin abinci.

Ɗanka,
Dikko

*

Nassarawa, Birnin Kebbi

Dikko,

Lafiya lau muke. Kada ka kai sunanka ko'ina, zauna ka karanta wannan har ƙarshe.

Takardarka ta hana ni sukuni. Ina zaune ina jujjuya ta, sai na ɗaga kai na ga abin da ke yi mini inuwa shekara da shekaru. Na ce kai Riskuwa, tsufa ya fara taɓa ka. Na kwance rumfar nan, na ɗauko tsohuwar ɗamararta da jakarta daga ƙarƙashin gado. Tamba tana ta faɗa wai wa zai zauna mata a rana, na ce ki yi haƙuri, aro ne na yini ɗaya.

Da na shiga gidanku da ƙunshin nan Ma'u ta ce, "Mi ka ɗauko kuma?" Na ce, ke kika ce sai kin taɓa. Ta Dikko ba ta fitowa, amma ga 'yar'uwarta, masaƙa ɗaya ɗinki ɗaya.

Muka ja ta daga bakin zaure har gindin darbejiya. Maƙwabta suka cika katanga, ta kore su. Ta wanke hannu, ta durƙusa, ta fara daga bakin ƙyallen. Dikko, na yi aiki da masu naɗi da yawa, na san mai dubawa da ido da mai dubawa da yatsa. Igiya ɗaya-ɗaya ta bi, daga sama har ƙasa, wata ta sa haƙori ta gwada. Ta iske facin da na yi da hannuna ta ce, "Ashe kana da amfani." Rabon da ta yabe ni tun muna yara.

Sannan na nuna mata naɗi. Yadda ake kwantar da ƙyallen ninki-ninki, yadda ake raba igiyoyi kada ɗaya ta hau ɗaya, yadda ake jera su a bakin jaka don su fita bi da bi. Sau ɗaya na nuna, na biyu ta ture hannuna.

Da muka gama ta ce in goya. Na goya, ni da gwiwata, a tsakar gida. Ta zagaya ni ta ja nan ta ja can, sannan ta yi tambayar da na san ita ce a ranta tun farko: "In ta ja shi, ƙaƙa za shi kuɓuta?" Na nuna mata ƙarfen da ke kan ƙirji, na murɗa na buga. Ɗamarar duka ta zube a ƙasa. Ta ce in mayar. Na mayar, ta buga da kanta. Sai da ta yi haka har na gaji da tsayuwa.

Ta zauna a kan turmi ta ce, "Saura hannun. Wa na shi?"

Na ce sunansa Cornelius, mutumin Pankshin ne, Kirista, yana da mata da 'ya'ya. Ni na koya masa. Sanyin aikinsa har haushi yake ba ni a da, in yana naɗi ko sallama ba ya amsawa. Sannan na gaya mata dokar ɗakin naɗi, wadda ban taɓa tunanin abin faɗa ba ce don mun saba da ita: duk laimar da mutum ya naɗe, kowace rana oga yana iya nuna ɗaya daga cikin tari ya ce goya wannan, hau jirgi. Ba ka san wacce ba, ba ka san yaushe ba. Don haka kowacce ka naɗe, taka ce.

Can ta ce, "Ni shekarun da ni yi ina gyara ma Labbo taru, ban taɓa shiga gulbi da shi ba. Wanga mutum shina shiga." Ta share ido da bakin zane ta ce, "Ka ce ma Dikko na yarda. Allah shi kai shi, shi sauko da shi."

Gidan waya ba su da sauri a damina, don haka na ba Arzika direba wannan hannu da hannu. Akwai kwandon busasshen kifi tare da ita. Ba naka ba ne, kada ka taɓa, na Cornelius ne.

Kawunka,
Riskuwa

*

Jaji,
Satumba

Kawu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da barka da Sallah ko da ta wuce. Na san shirun nan nawa ya dame ku. Ina lafiya, ƙafafuna biyu suna nan.

Saura kaɗan takardarka ta zo a banza. Motar Arzika ta lalace a hanya, ga ruwa ya yanke wata gada, ya yi Sallah a gindin mota. Ni kuwa Sallah ta wuce ban ji komai ba, na ce to Inna tana kan bakanta. Na goge takalmi na sa hula na nufi ofis in janye. Ina tsaye a baranda ina jiran a kira ni, sai ga Saje Cornelius ya taho rungume da kwando, ƙamshin kifi ya cika wurin. Ya ce, "Wa ke da uwa a Argungu?" Ashe Arzika sunan da ke jikin kwandon ya bi, takardarka kuma tana ɗaure a hannun kwandon. A tsaye na karanta. Da aka kira ni na shiga na sara, aka ce me ke tafe da kai, na ce ba komai ranka ya daɗe, gaisuwa na zo. Aka kore ni.

Na ba Saje labarin duka, har da na ƙullin. Ranar tsalle da muka yi layin karɓar kaya, da aka zo kaina sai ya ɗauko laima biyu ya aje a gabana ya ce, "Zaɓi ɗaya." Na nuna ta dama. Ya miƙo mini, ya goya ɗayar, ya ce, "Ka gaya wa mamanka." A jirgi shi ne a gabana, shi ya fara fita.

Kawu, gorar nan ta kama ni. Duk horon hula, ina fita iska ta buge ni sai ƙafafu suka ware da kansu, na juya kamar mazari. Na gama ƙirge na zo ɗaga kai, ya ƙi ɗaguwa, igiyoyi sun murɗe a ƙeyata. Sai na ji muryarka kamar kana kusa, na kama su na buɗa na yi ta tuƙa keke. Suka warware. Na ga laimata a buɗe, zagaye, ba ko yaga.

Daga nan sai shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Gonaki a ƙasa kore shar, wani rafi yana ƙyalli, na ce da Inna za ta ga wannan. A sauka na haɗa ƙafa na yi birgima yadda aka koya. Iska ta cika laimar ta fara jana a ƙasa, na murɗa ƙarfen na buga, ta sake ni. Na zauna cikin ciyawa ina tuna babana.

Saje ya ce a gaya wa Inna matarsa ta yi miya da kifin, yaran har da siɗe kwano. Ya ce kai kuma har yanzu yana jin zafin ranƙwashinka. Akwai sauran tsalle a gaba, ba a faɗa mana rana sai ta zo. Ka karanta mata wannan duka, kada ka tsallake wurin murɗewar.

Ɗanka,
Dikko

*

Nassarawa, Birnin Kebbi

Ɗana Dikko,

Alhamdu lillahi. Muna lafiya, Tamba ta yi sadakar waina. Ni kuwa ina fushi da ƙafafunka, za mu yi maganarsu in ka zo.

Na kai wa Ma'u takardarka na karanta mata ban tsallake komai ba. Wurin laima biyu ta sa na maimaita har sau uku, sannan ta ce a tambayi Cornelius ko matarsa tana son shinkafar fadama.

Da zan tashi na ce to, a ba ni rumfata, rana tana gasa ni, masu kawo tamfol sun fara ƙaura wurin wani. Sai ta ce in zo in gani. Ta share ɗakin babanka ta sa ta a ciki, a naɗe tsaf cikin jakarta, naɗin da ko ni ba zan kushe ba. Maƙwabciyarta ta ce mini kullum da hantsi, in ba ruwa ake ba, sai ta ja ta daga zaure zuwa darbejiya, ta bi igiyoyin ɗaya-ɗaya, ta naɗe, ta mayar.

Na ce, Ma'u, wannan ta gama aiki, ga jan fenti nan, ba mai sake tsalle da ita.

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ban san ranar da shika tsalle ba, shi ya sa kullum."

Na bar mata ita. Na sayi zana biyu a hanya, na kafa rumfa da su, inuwar ba laifi.

Ka gaida Cornelius. Ka haɗa ƙafafunka.

Kawunka,
Riskuwa